Misalin da Ke Tashi Idan An Kwafe Shi: Gyaran Littattafan Jagorar Rumbun Bayanai

Rumbun bayanai manhaja ce da ke ajiye bayanai masu yawa cikin jadawali-jadawali, ta yadda za a iya nemo su, a gyara su, ko a haɗa wasu da wasu cikin ƙiftawar ido, kuma a yau da wuya a sami banki ko asibiti ko ma'aikatar gwamnati da aikinta bai rataya a kansa ba. A unguwar Nassarawa GRA ta birnin Kano, inda Gidan Gwamnati da Asibitin Muhammad Abdullahi Wase suke, ga kuma rassan bankuna da ofisoshin ƙungiyoyin raya ƙasa, akwai ma'aikata da dama da ke neman abinci da irin wannan manhaja, tun daga mai shigar da sunaye da mai haɗa rahoton ƙarshen wata, har zuwa injiniyan da ake bugo wa waya idan aiki ya tsaya cik. Alƙaluman kiwon lafiya da jihohin Najeriya ke tattarawa, har da na ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano, ana zuba su ne a manhajar DHIS2 wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke jagorantar ginawa, ita kuwa a kan rumbun da ake kira PostgreSQL take zaune. Ko wayar da ke aljihun mai karatu ma, Android ce ko iPhone, tana ɗauke da wani ƙaramin rumbu mai suna SQLite, wanda Richard Hipp ya fara rubutawa a shekarar 2000.

Harshen da ake magana da mafi yawan waɗannan rumbuna shi ne SQL, wanda Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka tsara a kamfanin IBM a 1974 bisa ra'ayin da Edgar Codd ya wallafa a 1970, aka kuma yi masa ƙa'ida ta bai ɗaya a Amurka a 1986. Kowane rumbu na zuwa da littafin jagora, wato dogon bayanin da masu ƙera shi ke rubutawa su ɗora a intanet, kuma abin da mai koyo ke fara lalube da ido a cikinsa shi ne misali, wato 'yan layukan umarni da ke nuna yadda ake yin abin a aikace. Ba kasafai ake zama a sake buga irin wannan misali harafi bayan harafi ba, kwafe shi ake yi a manna. Shafin Stack Overflow, inda masu rubuta manhaja ke tambayar juna, ya ƙirga wannan ɗabi'a a 2021, ya tarar cewa cikin mako biyu an yi kwafi fiye da sau miliyan 40, kuma mutum ɗaya cikin huɗu da suka buɗe wata tambaya na kwafar wani abu kafin minti biyar ya cika. Tun da haka mutane ke yi, kuma babu alamar za su daina, nauyi ya koma wuyan marubucin jagora ya tabbatar cewa abin da za a kwafa zai tashi, wato zai yi aikin da aka ce zai yi, a kwamfutar da ba tasa ba, a hannun mutumin da ba zai iya tambayarsa ba.

Abin da aka fi gani daga waje shi ne maɓallin kwafi, ɗan akwatin nan da ke kusurwar misali wanda taɓa shi sau ɗaya ke ɗauke rubutun gaba ɗaya, irin wanda shafin GitHub ya sanya a 2021. Amfaninsa ba ƙarami ba ne ga mai karatu a waya, domin jan yatsa a zaɓi layi goma sha biyu a ƙaramin allo, ba tare da an bar harafin farko ko alamar ƙarshe ba, aiki ne mai cin rai. Sai dai maɓallin shi ne mafi sauƙi cikin aikin duka, kuma abin da aka zuba masa shi zai ɗauka, mai kyau ne ko gurɓatacce.

Gurɓata ta farko ita ce alamar jira. Idan mutum ya buɗe tagar umarni ta rumbun MySQL, manhajar kan rubuta sunanta a farkon layi don nuna cewa tana sauraro, idan kuma umarnin ya zarce zuwa layi na biyu sai ta sa 'yar kibiya. Littattafai da yawa sun ɗauko allon yadda yake suka buga, kamar haka:

mysql> SELECT suna, unguwa
    -> FROM dalibai
    -> WHERE aji = 3;

Ga ido wannan ya yi kyau, har yana nuna wa mai koyo abin da zai gani a allonsa. Amma wanda ya kwafe shi duka ya manna, abin da zai samu shi ne saƙon kuskure mai lamba 1064, wanda ke cewa an saɓa ƙa'idar harshen, domin kalmar farkon da kibiyoyin nan biyu na manhajar ne, ba sa cikin umarnin. Ƙwararre zai goge su ba tare da ko tsayawa tunani ba, sabon shiga kuwa sai ya ɗauka shi ne bai iya ba, ko kuma kwamfutarsa ce ta sami matsala. Haka abin yake da alamar dala da ake sawa a gaban umarnin Linux, da kuma sakamakon da ake mannawa a ƙasan umarni cikin akwati guda. Gyaran ba shi da wuya: umarni ya zauna a akwatinsa, sakamako ya zauna a wani akwatin dabam wanda ba shi da maɓallin kwafi, alamar jira kuwa ko dai a cire ta ko a tsara shafin yadda za a gan ta amma ba za ta biyo kwafi ba.

Gurɓata ta biyu ba ta ganuwa da sauƙi. Microsoft Word, da allon rubutun iPhone tun daga 2017, kan mayar da miƙaƙƙiyar alamar zance lanƙwasasshiya saboda ado, su kuma haɗe gajerun layuka biyu su zama dogo ɗaya, alhali a SQL miƙaƙƙiyar ce ke buɗe rubutu ta rufe shi, gajerun layuka biyu kuma su ne ke fara sharhin da manhaja ke tsallakewa. Wannan ya shafi Kano kai tsaye saboda hanyar da darasi ke bi, inda yakan fito daga malami cikin takardar Word ko PDF, ya ratsa zauren WhatsApp na aji, kafin ya isa kwamfutar ɗalibi. PDF kan karya dogon layi gida biyu ko ya cusa lambar shafi a tsakiyar misali, WhatsApp kuma na iya ɗaukar tauraro a matsayin alamar kaurara rubutu ya ɓoye shi daga ido, alhali tauraro a SQL na nufin a kawo dukkan ginshiƙan jadawali. Mafi muni shi ne hoton allo, domin sai dai a sake bugawa da hannu ko a dogara da manhajar karanta hoto wadda kan rikita sifili da harafin O, ga shi kuma manhajar da ke karanta wa makafi allo ba ta sanin abin da ke cikinsa. Duk wanda ya raba darasi ta waɗannan hanyoyi ya kamata ya haɗa da fayil na tsantsar rubutu mai ƙarewa da .sql, wanda babu manhajar da za ta yi masa kwalliya a hanya.

Bayan rubutun ya iso lafiya, sai batun abin da zai yi aiki a kansa. Umarnin da ke sama na neman jadawali mai suna dalibai, wanda ke kwamfutar marubuci amma babu shi a ta mai karatu, kuma wannan na cikin manyan dalilan da ke kayar da misalai. Kamfanoni sun daɗe da gane haka, shi ya sa suka ƙirƙiri rumbunan gwaji: Oracle na da SCOTT, mai ma'aikata 14 da sassa 4, Microsoft na da Northwind, wani kamfanin fataucin kayan abinci na ƙage, MySQL kuma na da Sakila, shagon hayar fayafayan fim. Dabarar ta dace da mai karanta littafi daga bango zuwa bango, amma tana wahalar da wanda binciken Google ya jefo shafi ɗaya yana neman amsa guda, domin sai ya nemo rumbun, ya sauke shi, ya girka, kafin ya gwada layi uku. Darasin farko na littafin PostgreSQL ya bi wata hanya, inda ake gina jadawali biyu kacal, na yanayi da na birane, a gaban mai karatu, a zuba musu layuka ƙalilan. Wannan hanya ta fi, kuma cikarta ita ce misali ya zo da umarnin gina jadawalinsa, da layi uku ko huɗu na bayanai, da tambayar kanta, da sakamakon da ake sa rai, sannan da umarnin share abin da aka gina. Idan an nuna sakamako, to a sa ORDER BY, wato umarnin jerantawa, domin in babu shi rumbu bai yi alkawarin kawo layuka a wani tsari ba, sai mai koyo ya ga nasa ya saɓa da na littafi ya shiga shakka a banza. Akwai kuma wani ƙaramin abu da ke da girma a garin da wuta ke iya ɗaukewa ana tsakiyar aiki: misalin ya zama mai jure maimaici, ta hanyar rubuta IF NOT EXISTS wurin gina jadawali, don kada gwaji na biyu ya faɗi saboda ragowar na farko.

Ko da yake SQL na da ƙa'ida ta bai ɗaya, kowane rumbu da nasa karin harshen. Mai son layuka goma na farko zai rubuta LIMIT 10 a MySQL da PostgreSQL da SQLite, ya rubuta TOP 10 a SQL Server, Oracle kuwa sai a fitowarta ta 12c a 2013 ta karɓi FETCH FIRST. Sanduna biyu a tsaye na haɗa rubutu biyu a PostgreSQL, amma a MySQL, in ba a sauya saiti ba, ma'anarsu «ko», saboda haka umarnin zai tashi ba tare da ƙorafi ba ya kawo amsar banza, abin da ya fi saƙon kuskure haɗari. Ɗalibai da yawa da ƙunshin XAMPP suke fara koyo, suna cewa da MySQL suke aiki, alhali abin da ke cikinsa tun 2015 MariaDB ne, reshen da Michael Widenius ya ɓalle da shi a 2009, kuma su biyun sai ƙara nisa da juna suke yi. Misali nagari yakan faɗi rumbun da aka gwada shi a kai da lambar fitowarsa, a saman akwatin inda ido zai faɗa, ya kuma nuna wa mai karatu cewa a MySQL da MariaDB da PostgreSQL umarnin SELECT version() zai gaya masa nasa.

Inda Bahaushe ya fi cin karo da gazawar misalan waje shi ne wurin sunaye. Turawa sun san matsalar da sunaye irin O'Brien, amma a wurinsu jefi-jefi ce, a rajistar makaranta ko asibiti ta Kano kuwa da wuya a buɗe shafi babu Sa'adatu ko Rabi'u ko Isma'il ko Mu'azu. Mai koyo ya kwafi misalin shigar da suna, ya cire John ya sa na gida:

INSERT INTO dalibai (suna) VALUES ('Sa'adatu');

Abin da manhajar ke gani shi ne rubutu ya buɗe, an ce Sa, ya rufe. Sai wata kalma adatu wadda ba ta san ta ba. Sai kuma alama ta uku ta buɗe sabon rubutun da ba a rufe ba. Tagar MySQL ba za ta ma ba da saƙon kuskure ba, sai ta sauya alamar jira ta yi tsit tana sauraron a rufe zancen, mai koyo kuwa ya yi ta danna Enter babu abin da ya motsa. A rubutun hannu maganin shi ne ninka alamar, a rubuta 'Sa''adatu', a cikin manhaja kuwa maganin shi ne umarni mai gurbi, wato a aika umarnin dabam, a aika sunan dabam, yadda rumbun ba zai taɓa ɗaukar suna a matsayin umarni ba. Wannan ƙofa da sunan Sa'adatu ya buɗe bisa tsautsayi ita ce ɓarayin intanet ke buɗewa da gangan, su cusa umarninsu a gurbin suna ko kalmar sirri. Ta nan aka shiga kamfanin sadarwa na TalkTalk a Ingila a 2015, aka taɓa bayanan mutane kusan 157,000, har hukuma ta ci tararsa fam 400,000 a shekarar da ta biyo. Don haka misalin da ke liƙa abin da mai amfani ya shigar kai tsaye a jikin umarni ya yi ɓarna ko da an rubuta gargaɗi a ƙasansa, tun da umarnin ake kwafa a bar gargaɗin a shafi.

Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar, su ma suna da nasu tarkon. Babu su a tsohon tsarin haruffa na latin1, wanda shi ne zaɓin asali na MySQL har zuwa fitowa ta 8.0 a 2018 da aka koma utf8mb4, haka ma alamar naira babu ita a ciki. Jadawalin da aka gina da tsohon misali zai iya ƙin karɓar Ƙaraye, ko ya karɓa ya mayar da harafin farko alamar tambaya, gwargwadon saitinsa. Ko an adana harafin daidai, saura jerantawa: idan rumbu na jeranta sunaye bisa lambar kowane harafi a kwamfuta, Ƙaraye da Ƙiru za su faɗo can ƙasa bayan Wudil, maimakon su biyo bayan Kumbotso da Kura. Tun fitowa ta 10 a 2017 PostgreSQL na iya amfani da taskar ICU, wadda ke ɗauke da ƙa'idar jeranta haruffan harsuna da dama har da Hausa, amma sai misali ya nuna yadda ake kiran ta kafin mai koyo ya san tana nan.

Lambobi ma haka. Lambar wayar Najeriya da sifili take farawa, kuma idan misali ya ajiye ta a ginshiƙin lissafi sifilin zai ɓace. Lambar NIN da ta BVN kowace 11 ce, sun fi ƙarfin ginshiƙin INT da ke tsayawa a 2,147,483,647, don haka a matsayin rubutu ya kamata a ajiye su. Kwanan wata 03/04/2025 a Kano 3 ga Afrilu ne, a Amurka 4 ga Maris, shi ya sa misali ya fi aminci da 2025-04-03. Kuɗi kuwa a ginshiƙin NUMERIC ake ajiye shi ko a ƙirga shi da kwabo, domin ginshiƙin FLOAT kintace yake yi.

Sauƙaƙa kwafi na da haɗarinsa, domin misalin da ke tashi nan take shi ne kuma ke ɓarna nan take. Umarnin DELETE FROM dalibai, in babu WHERE, wato sharaɗin da ke zaɓar layukan da za a taɓa, zai share jadawalin ƙaf ba tare da tambaya ba. Marubuci mai lura yakan kewaye irin wannan misali da BEGIN a sama da ROLLBACK a ƙasa, yadda mai koyo zai ga abin da zai faru sannan komai ya koma yadda yake, ya kuma faɗi iyakar wannan kariya, domin PostgreSQL na iya dawo da jadawalin da aka rushe da DROP TABLE kafin a rufe aikin, MySQL kuwa ba ta iyawa. Ƙwarewa ba ta hana wannan tsautsayi: ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab ya ba da umarnin sharewa a babbar kwamfutar da ba ita ya nufa ba, kamfanin ya yi asarar bayanan kimanin awa shida. Sa wa jadawalin misali suna mai farawa da gwaji, maimakon sunan da mai yiwuwa akwai irinsa a rumbun ofis, na rage irin wannan karo.

Wuraren da mai karatu zai cike da nasa bayanin su ma suna buƙatar dabara. Al'adar sa su tsakanin alamun «ƙasa da» da «sama da» na jawo rikici a tagar Linux, inda waɗannan alamu ke nufin a karanto daga fayil ko a zuba a fayil. Ya fi kyau a tara duk abin da za a sauya a layukan farko na misalin, a ambace su ƙarara. Kalmar sirrin misali kuma ta cika bin kwafi har cikin rumbun aiki, kamar yadda tiger, kalmar sirrin SCOTT, ta zama sananniya ga kowa, saboda haka gara misalin ya ƙi tashi sai mai karatu ya sa tasa. Game da adireshin intanet an huta tun 1999, da aka keɓe example.com don misalai kawai. A 2021 kuma Nicholas Boucher da Ross Anderson na Jami'ar Cambridge sun nuna cewa ɓoyayyun haruffan da ke juya alƙiblar rubutu, waɗanda Larabci da ajami ke buƙata don gauraya da boko, ana iya amfani da su a sa umarni ya bayyana wa ido dabam da yadda kwamfuta ke karanta shi. Wajibin mai shafi ne maɓallinsa ya ɗauki abin da ke allo ba ƙari ba ragi, mai kwafa daga shafin da bai sani ba kuma ya fara mannawa a fayil ya duba.

Duk waɗannan ƙa'idoji ba su ɗorewa da kyakkyawar niyya kawai, domin rumbu na sauyawa kowace shekara, littafi kuwa yana nan yadda aka bar shi. Mai sayar da waya a kasuwar Farm Centre yakan kunna ta a gaban mai saye kafin kuɗi su shiga hannunsa, kuma abin da ake nema daga littafin jagora ke nan: a sa wata manhaja ta tsamo kowane misali daga cikinsa, ta gwada shi a sabon rumbu fayau, ta kwatanta sakamakon da wanda aka buga, a duk lokacin da aka taɓa littafin ko rumbun. Harshen Python na da irin wannan kayan aiki mai suna doctest tun 2001, harsunan Rust da Go kuma sun mayar da gwada misalan jagora wani ɓangare na gwajin manhaja na yau da kullum. A fagen rumbun bayanai abin ya ɗan fi wuya, saboda kowane misali na barin sawu a rumbun da na gaba zai tarar, wanda shi ne ƙarin dalilin sa kowanne ya gina nasa ya share.

Sabon ci gaba shi ne rumbun da ke tashi a cikin burauza, ba tare da an girka komai ba. SQLite ya fitar da irin wannan siga a 2022, wata manhaja mai suna PGlite kuma ta kawo PostgreSQL a 2024 cikin megabayit ƙalilan, sai ga maɓallin gwaji kusa da na kwafi. Ga mai koyon da waya kawai gare shi wannan babbar ƙofa ce, amma da sharaɗin kada shafin ya sauke rumbun sai an taɓa maɓallin, ganin cewa a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari, kuma umarnin da ke cewa a fara sauke ƙunshi mai ɗaruruwan megabayit na korar mutane tun kafin darasi ya soma.

Malaman da ke rubuta nasu darussan da Hausa, a Jami'ar Bayero ne ko a cibiyoyin da ke horar da matasa ƙarƙashin shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, za su fi samun sauƙi idan suka fassara bayani da sharhi, suka bar kalmomin SQL yadda suke, suka kuma rubuta sunayen jadawali da ginshiƙai ba lanƙwasa, kamar dalibai ɗin nan na sama, don mai allon rubutun da ba shi da ɗ ya iya bugawa. A cikin bayanan gwajin ne ya kamata haruffa masu lanƙwasa da sunaye masu hamza su fito, tun da a nan ake son kuskure ya bayyana da wuri. Sai dai bayanan su zama na ƙage. Yanko layi biyar daga rajistar ofis ya fi sauri, amma misali na yawo daga waya zuwa waya har inda marubucinsa bai zata ba, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su, ta kuma sa bayanan lafiya cikin waɗanda ke buƙatar tsaro na musamman.